Ciwon ƙugu daga gaɓoɓin faset: me ya sa likitoci suka kasa haɗa baki a kan allura da ƙona jijiya?

A watan Fabrairun 2025 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta fitar da wata shawara da ta ta da ƙura tsakanin masu kula da ciwon baya. Wani kwamiti ne da ya haɗa likitoci da masu bincike da su kansu masu fama da ciwon, cikin jagororinsa akwai Jason Busse na Jami'ar McMaster a Kanada, suka duba gwaje-gwaje 81 da aka yi a kan mutane kusan 8,000, suka ce allurar da ake yi wa mutane a gadon baya da aikin nan na ƙona jijiya ba su fi maganin bogi, wato na kwaikwayo da ake yi wa wasu don a kwatanta, da wani abin a zo a gani ba, in dai ciwon ya daɗe kuma ba ciwon daji ne ya kawo shi ba, saboda haka a daina yi. Ba a je ko'ina ba ƙungiyoyin likitocin ciwo da dama suka fito suka ce sam ba su yarda ba, wai an cakuɗa abubuwan da ba hanyarsu ɗaya ba. Toh shi kuma mai ciwon da likita ya ce masa "daga faset matsalarka take, za mu gwada allura", sai ya rasa maganar wa zai kama.

Wannan rigimar ba za ta fahimtu ba sai an koma baya an ga mene ne faset ɗin, da kuma yadda ake gane cewa shi ne mai laifin, don kusan duk saɓanin daga wurin ganewar ya samo asali.

Mene ne faset ɗin ma tukuna?

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce, ƙananan ƙasusuwa ne aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Bakwai a wuya, 12 a saitin ƙirji, biyar a ƙugu, sannan ƙashin kwankwaso a ƙasa. Biyar ɗin nan na ƙugu su ake kira L1 zuwa L5. Kowane ƙashi yana haɗuwa da na ƙasansa a wuri uku: ta gaba akwai diski, wato faifan nan mai taushi da ke tsakani kamar matashi, ta baya kuma akwai ƙananan gaɓoɓi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne faset.

Gaɓa ce ta gaske, irin ta gwiwa ko ta yatsa, sai dai ƙarama. Tana da guringuntsi a fuskokinta biyu, tana da ruwan da ke sa ta santsi, tana da jakar da ta lulluɓe ta, kuma jakar nan cike take da ƙananan jijiyoyi masu jin zafi. Aikinta shi ne ta daidaita motsi, ta bari ka sunkuya ka miƙe amma ta hana ƙashin ya murɗe fiye da kima ko ya zame gaba. Mafi yawan nauyin jiki diski ne ke ɗauka, faset ƙaramin kaso take ɗauka, amma da zarar mutum ya gantsare baya sai nauyin da ke kanta ya ƙaru.

Zargin wannan gaɓar ba na yau ba ne. Tun 1911 wani likitan ƙashi a Boston, Joel Goldthwait, ya ce tana iya kawo ciwon baya, a 1933 kuma Ralph Ghormley na asibitin Mayo ya raɗa wa ciwon suna da sunan gaɓar. A 1976 Mooney da Robertson suka zuba ruwan gishiri mai ƙarfi cikin gaɓar wasu mutane, ciwo ya taso musu a baya har ya gangara ƙafa, da aka sa maganin kashe zafi a wurin sai ya lafa. Don haka babu gardama a kan cewa faset tana iya yin ciwo. Gardamar ita ce, a jikin wannan mutumin da ke zaune gaban likita yau, ita ce ke ciwon ko wani abu ne daban?

Yadda gaɓar ke kai ga ciwo

Galibi zaizayewa ce ta shekaru. Diski yana bushewa yana raguwa a tsayi yayin da mutum ke manyanta, in ya ragu sai ƙasusuwan biyu su matso kusa, faset ɗin da da ƙaramin kaya take ɗauka sai ta koma ɗaukar babba. Guringuntsi ya cinye, ƙashi ya yi kauri a gefe, jakar ta kumbura. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne na ƙasa ƙasa, tsakanin L4 da L5 da kuma tsakanin L5 da ƙashin kwankwaso, don can ne motsi da nauyi suka fi taruwa. Ƙiba tana ƙarawa, karkacewar ƙashin baya tana ƙarawa, haka zamewar ƙashi ɗaya a kan ɗaya, da tsohon rauni na faɗuwa ko haɗarin mota. Wani lokaci ma gaɓar kan fitar da wata 'yar jakar ruwa da za ta danne jijiyar da ke gangarawa ƙafa, amma wannan matsala ce daban da maganinta daban.

Ana cewa ciwo ya zama mai daɗewa in ya wuce wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, shi ne ma kan gaba wajen hana mutane aikin yau da kullum. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba a iya nuna takamaiman wurin da yake fitowa. Nawa ne daga ciki na faset? Alƙaluman da ke cikin littattafan likitoci sun tashi daga kashi 15 har zuwa 45 cikin 100, ya danganta da shekarun mutanen da aka gwada da kuma irin tsaurin gwajin, a tsofaffi ya fi yawa. Faɗin wannan tazarar kaɗai ya isa ya nuna maka cewa gane ciwon ba abu ne mai sauƙi ba.

Alamomin da ake faɗa, da iyakarsu

Abin da aka saba ji shi ne ciwo a gefen ƙashin baya, ɓari ɗaya ko duka biyun, mai nauyi ba mai tsira kamar wutar lantarki ba, yana iya yaɗuwa zuwa mazaunai da bayan cinya amma da wuya ya wuce gwiwa. Yana ƙaruwa in mutum ya daɗe a tsaye, ko ya gantsare, ko ya juya jiki kamar direba mai waiwaye zai yi ribas, yana sauƙi in ya zauna ko ya ɗan sunkuya. Da safe bayan yakan sandare na ɗan lokaci. In likita ya danna gefen ƙashin sai a ji zafi.

Matsalar ita ce da aka zo aka gwada waɗannan alamomin a kan mutanen da daga baya aka tabbatar da nasu ta hanyar allura, babu wata alama ɗaya, ko ma tarin alamomi, da ta iya raba mai ciwon faset da mai ciwon diski ko na gaɓar kwankwaso ko na tsoka yadda za a dogara da ita. Jijiyoyin wurin suna kai saƙo ne ta hanyoyin da suka haɗu da juna, ƙwaƙwalwa ba ta iya tantance daga ina daidai zafin ya fito. Alamomin suna sa a yi zargi ne kawai.

Akwai dai abubuwan da in sun bayyana to maganar faset ma a ajiye ta gefe tukuna a nemi likita da gaggawa: fitsari ya riƙe ko yana zuba ba tare da mutum ya sani ba, kasa riƙe bayan gida, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da wajen al'aura, ƙafa tana ƙara rauni. Waɗannan na iya nufin an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma jinkiri na iya barin nakasa ta dindindin. Haka zazzaɓi tare da ciwon baya, ramewa ba dalili, tarihin ciwon daji, ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa musamman ga tsoho. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya. Sannan matashin da bayansa ke sandarewa fiye da rabin awa kowace safiya kuma motsi ke sa ya ji sauƙi, nasa na iya zama ciwon kumburin gaɓoɓi, wanda likitansa da maganinsa daban ne.

Hoto yana nuna tsufa, ba ya nuna zafi

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. An yi MRI ko siti sikan, wato hotunan cikin jiki, takardar sakamako ta ce akwai zaizayewar faset, sai mutum ya ce shi ke nan an gano. Amma fa irin wannan hoton ana samunsa a jikin mutanen da ba su taɓa kukan baya ba. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya kwata-kwata, ya nuna zaizayewar faset a kashi 4 cikin 100 na 'yan shekara 20, ta hau har kashi 83 a 'yan shekara 80. Ta diski ma ta fi haka, daga kashi 37 zuwa 96. Wani binciken da aka yi a garin Framingham na Amurka da siti sikan, aka buga a 2008, ya sami zaizayewar faset a wajen kashi 60 na maza da kashi 67 na mata, kuma bai ga alaƙa tsakaninta da ciwon baya ba.

Wato kamar furfura ce, shekaru ke kawo ta. Kuma abin yana juyawa ta ɗaya ɓangaren, gaɓar da hotonta ya fito lafiya lau tana iya zama ita ce ke ciwo. Shi ya sa hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kar a riƙa yi wa kowane mai ciwon baya hoto haka kawai, har ma ta ce ba sharaɗi ba ne a yi hoto kafin aikin ƙona jijiya. Amfanin hoton shi ne kore manyan abubuwa kamar karaya, daji, ƙwayar cuta ko danne jijiya, in akwai dalilin zarginsu.

Allurar gwaji, inda duk maganar take

Tunda tambaya ba ta isa ba, hoto ma bai isa ba, abin da ya rage shi ne a kashe wurin na ɗan lokaci a ga ko ciwon zai tafi. Kowace faset ƙananan jijiyoyi biyu ne ke ɗaukar saƙon zafinta, ɗaya daga matakinta ɗaya daga na sama da ita. Nikolai Bogduk, wani masanin ƙirar jiki a Ostiraliya, yana cikin waɗanda suka fayyace daidai inda waɗannan jijiyoyin suke bi a jikin ƙashi. Likita yana kwantar da mutum rub da ciki, yana kallon allurar a na'urar hoton ƙashi mai nunawa kai tsaye, ya kai bakinta kan hanyar jijiyar, ya ɗiga maganin kashe zafi irin su lidoken ko bufibaken, ɗan kaɗan, bai fi rabin mililita ba. Wannan ba magani ba ne, tambaya ce ake yi wa jiki. In ciwon ya ragu sosai cikin awannin da maganin ke aiki sannan ya dawo, to an sami hujja.

Sai dai hujjar tana da rauni. Allura ɗaya tana ba da amsar ƙarya a kusan mutum ɗaya cikin uku, wasu binciken ma sun ce fiye. Dalilan a bayyane suke: mutum ya sa rai, an kwantar da shi an yi masa aiki da na'ura, wannan kaɗai yana rage zafi na ɗan lokaci kuma ba ƙarya yake ba, haka jiki yake. In maganin ya yi yawa sai ya malala ya kashe tsoka ko wasu jijiyoyin da ba su aka nufa ba. In an ba shi maganin barci kafin allurar shi ma yana ɓata sakamakon. Wani kuma ya koma gida ya kwanta duk yinin sai ya ce ciwo ya tafi, alhali kwanciyar ce ta sauƙaƙa masa. Akwai amsar ƙarya ta ɗaya gefen ma, in maganin ya shige jijiyar jini ya tafi bai taɓa inda aka nufa ba.

Don rage wannan ne wasu suka ce a yi allurar sau biyu a ranaku daban, da magani mai gajeren aiki sannan mai dogon aiki, kuma kar a ce an dace sai ciwo ya ragu da kashi 80 ko fiye. Tsarin inshorar lafiyar tsofaffi na Amurka, Medicare, wannan ma'aunin yake bi kafin ya biya kuɗin ƙona jijiya. Wasu kuma suka ce wannan tsaurin ya yi yawa, yana korar mutanen da da sun amfana. Wata shawarar haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin likitocin ciwo da aka fitar a 2020 ƙarƙashin Steven Cohen ta ce allura ɗaya da raguwar kashi 50 ta isa.

Shi Cohen ɗin ya taɓa yin wani gwaji da aka buga a 2010 wanda ya nuna cinikin da ke cikin wannan zaɓin ƙarara. Mutum 151 aka raba gida uku: wasu aka ƙona musu jijiya ba tare da allurar gwaji ba, wasu bayan allura ɗaya, wasu bayan biyu. Cikin waɗanda aka yi wa aikin, nasara bayan wata uku ta kasance kashi 33 a rukunin farko, 39 a na biyu, 64 a na uku. Amma in ka ƙirga da duk waɗanda suka shiga kowane rukuni tun farko, har da waɗanda allurar ta tace ta fitar, rukunin da ba a gwada ba shi ne ya fi yawan waɗanda suka sami sauƙi. Ma'ana tsaurarawa tana sa aikin ya fi dacewa ga wanda aka yi wa, amma tana barin wasu a waje, sassautawa kuma tana kamo kowa har da mutane da yawa da za a soka wa allura a banza.

Abin da ake farawa da shi

A nan kam babu wani saɓani mai yawa. Ko faset ce ko ba ita ba ce, matakin farko iri ɗaya ne. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko a kan ciwon ƙasan baya mai daɗewa, ta goyi bayan wayar wa mai ciwon kai game da ciwonsa, motsa jiki mai tsari, wasu ayyukan gashin ƙashi kamar tausa, taimakon masana halayyar ɗan adam, da magungunan rage kumburi irin su ibufurofen da dikulofenak. Ta ce kar a dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu, ko na'urar jan baya, ko ƙwayoyi masu sa maye na dangin ofiyom irin su taramadol.

Motsa jikin ba wani nau'i ɗaya ne ya fi ba, tafiya, iyo, ƙarfafa tsokar ciki da ta baya da ta mazaunai, duk suna aiki in an ɗore, kuma wanda mutum zai iya ci gaba da yi shi ne ya fi masa. Mai ciwon da gantsarewa ke tayar masa, likitan fisiyo yakan fara masa da motsin da ke ɗan lanƙwasa bayan gaba kafin a hankali a dawo da sauran. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara sandarewa ne. Su kuma ƙwayoyin rage kumburin ba abin sha wata da watanni ba ne, suna iya jawo olsa, su taɓa ƙoda, su ɗaga hawan jini, musamman ga tsofaffi, waɗanda kuma su ne ciwon faset ya fi kamawa. Farasitamol shi kaɗai NICE ta ce ba ya wadatarwa a ciwon baya.

Sitiroyid cikin gaɓa da ƙona jijiya

Abu biyu ne daban da mutane ke haɗawa su kira "allurar baya". Na farko shi ne zuba sitiroyid, wani maganin rage kumburi mai ƙarfi, cikin ita kanta gaɓar da niyyar magani. Wannan hujjarsa ta daɗe da yin rauni. Tun 1991 wani gwaji da Carette da abokan aikinsa suka yi a Kanada ya kwatanta sitiroyid da ruwan gishiri, bayan wata ɗaya da wata uku ba a ga bambancin kirki ba. NICE ta ce kar a yi wa mai ciwon ƙasan baya irin wannan allurar a matsayin magani, kuma har su likitocin ciwon da ke kare ƙona jijiya yawancinsu ba sa ba da shawarar a riƙa yin ta ga kowa. Ga mai ciwon suga kuma tana ɗaga suga na wasu kwanaki.

Na biyu shi ne ƙona jijiyar, wanda Norman Shealy ya fara bayyanawa a 1975. Allura ce ta musamman da bakinta ke yin zafi da wutar lantarki mai saurin kaɗawa, a kwantar da ita a jikin wannan ƙaramar jijiyar, a ɗaga zafin zuwa wajen digiri 80 na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gaɓar ba a gyara ta ba, wayar da ke kai ƙara ce aka yanke. Kuma jijiyar tana sake tohowa, shi ya sa ga wanda aikin ya karɓa sauƙin yakan kai wata shida zuwa shekara, wani ya fi haka, sannan ciwon ya dawo a sake. Ba a kwana a asibiti. Illolin da aka fi gani su ne ciwo a wurin na kwanaki ko makonni kaɗan, raɗaɗi kamar ƙuna a fata ko mutuwar fatar wurin, shigar ƙwayar cuta da zubar jini ba su cika faruwa ba. Akwai wani batu da ake ta tattaunawa, ita wannan jijiyar ita ce kuma ke motsa wata tsoka ta can ciki da ke riƙe ƙashin baya, to ƙona ta yana kashe wa wani ɓangare na tsokar aiki na wani lokaci. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ko mai shan maganin tsinka jini dole likita ya sani tun kafin ranar.

Tiyatar haɗe ƙasusuwa kuwa, NICE ta ce kar a yi ta don ciwon ƙasan baya kawai sai dai cikin bincike. Wurinta daban ne, inda ƙashi ya zame yana danne jijiya da makamantansu.

Inda ɓangarorin suka rabu

Masu cewa a daina suna da babbar hujja a gwajin MINT da aka yi a asibitocin ciwo 16 a Holan, aka buga a mujallar JAMA a 2017. Mutum 681 ne gaba ɗaya, 251 daga ciki na faset. Kowa aka sa shi motsa jiki, rabi aka ƙara musu da ƙona jijiya. Bayan wata uku bambancin zafi tsakanin rukunin biyu na faset bai kai rabin maki ɗaya ba a ma'aunin zafi na 0 zuwa 10, alhali masu binciken sun ɗauki maki biyu a matsayin bambancin da ke da ma'ana. Suna kuma cewa aiki ne mai tsada da ake maimaitawa shekara bayan shekara, kuma masu kare shi galibi su ne masu yin sa.

Masu kare aikin sun ce MINT ta zaɓi mutane da allura ɗaya da ma'aunin kashi 50, don haka akwai da yawa a ciki da ba faset ke damunsu ba, sannan suka soki yadda aka sa allurar, wai ba a kwantar da ita a tsawon jijiyar yadda za ta ƙone sosai ba. Suna kafa hujja da irin binciken Dreyfuss na shekarar 2000, inda aka tace ɗaruruwan mutane aka fitar da 15 kacal ta allura biyu da ma'auni mai tsauri, bayan shekara guda 9 daga cikinsu ciwonsu ya ragu da kashi 90, 13 kuma da aƙalla kashi 60. Game da shawarar BMJ kuma ƙorafinsu shi ne an zuba tsofaffin gwaje-gwaje da sababbi, masu kyakkyawan zaɓe da marasa shi, a tukunya ɗaya.

Kowane ɓangare akwai inda ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai ba. Binciken Dreyfuss mutum 15 ne kuma babu rukunin da aka kwatanta su da shi, ba za a iya gina ƙa'idar miliyoyin mutane a kansa ba. MINT kuwa babba ce, amma yadda aka yi aikin a cikinta shi ne yadda ake yin sa a asibitoci da yawa, wanda hakan ke nuna cewa sakamakonta gaskiya ne game da aikin yau da kullum ko da bai zama hukunci a kan aikin da aka yi da cikakkiyar ƙwarewa ba. NICE tun 2016 ta tsaya a tsakiya: a duba yiwuwar ƙona jijiya ne kawai in sauran hanyoyin sun gaza, zafin ya kai maki 5 cikin 10 ko fiye, kuma allurar gwaji ta nuna an dace.

Me wannan ke nufi ga mai ciwon

Na farko dai, kalmar "faset" a takardar MRI ba ita ce ganewar ciwo ba, kuma ba dalili ba ce na tsorata ko daina motsi. Mutum na iya ɗaukar wannan takardar ya yi shekara yana lallaɓa bayansa kamar ƙwai, tsoka ta mutu, ciwon ya ƙaru, a kan abin da yawancin sa'o'insa ma suna da shi.

Shawarar BMJ ba doka ba ce, amma irin waɗannan shawarwarin su masu inshora da masu tsara kasafin asibitoci ke dubawa, don haka a wasu wuraren samun aikin na iya ƙara wuya ko mutum ya biya daga aljihunsa. Wanda zai biya da kansa kuwa ya sani ba kuɗin zuwa ɗaya ba ne, akwai allurar gwaji ɗaya ko biyu, akwai aikin, akwai yiwuwar maimaitawa kowace shekara. Yana da haƙƙin ya tambayi likita ko allurar da za a yi masa ta gwaji ce ko ta magani, ko da na'urar hoto za a yi ta, kashi nawa na raguwar zafi za a ɗauka a matsayin an dace, da kuma me za a yi in ba a dace ba. Allurar da aka soka a baya ba tare da hoto ba babu tabbacin ta je inda ake nufi, balle a gina hukunci a kanta.

Kuma shi mai ciwon yana da hannu a ingancin gwajin fiye da yadda ake zato. Ranar allurar ya kamata a ce ciwon yana nan yadda ya saba, ya rubuta makin zafinsa daga 0 zuwa 10 kafin a fara, sannan bayan an gama ya je ya yi daidai abubuwan da ke tayar masa da shi, tsayuwar, tafiyar, gantsarewar, yana rubuta makin awa bayan awa har maganin ya sake shi. In daga 7 ya sauka zuwa 1 yana cikin hidimarsa sannan da yamma ya dawo, wannan amsa ce mai ƙarfi. In daga 7 ya koma 5, ko kuma sauƙin bai zo ba sai bayan kwana biyu, to zai yi wuya ƙona jijiyar ta ba shi abin da yake nema, kuma gara ya faɗa wa likita haka yadda yake ko da yana matuƙar son a yi masa aikin. Wanda kuma aka yi wa ya sami sauƙi, watannin nan da jijiyar ba ta toho ba su ne lokacin da zai iya yin motsa jikin da da zafi ya hana shi, don gaɓar tana nan yadda take, tsokar da ke kewaye da ita ce kaɗai abin da zai iya canzawa kafin jijiyar ta dawo.